Hidimar Tsofaffi: Sana'ar da Ke Jiran Mata a Unguwanninmu

Uwargida, ki ɗan ƙirga gidajen da ke layinku. Gida nawa ne ke da dattijon da ke shan maganin hawan jini kullum? Nawa ne ke da tsohuwar da gwiwa ta hana ta tsuguno, ko malamin da ya rage karatu bayan asuba saboda baƙaƙen sun daina fita a idonsa? Sai kuma ki tambayi kanki: wa ke ɗauke da hidimarsu? Galibi mace ce, ko 'ya, ko matar ɗa, ko jikar da ake hana wa zuwa makaranta don ta zauna da kaka. Tana yi ba horo, ba hutu, ga nata yaran suna jira.

Wannan nauyi ƙaruwa zai yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1, a 2030 za su kai biliyan 1.4, a 2050 kuwa biliyan 2.1. Mafi yawansu za su kasance a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu. Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na tsufa cikin ƙoshin lafiya. A Najeriya ma an sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a farkon 2018. Sai dai doka ba ta juya mara lafiya a kan gado, ba ta dama masa kunu. Mutane ne ke yi, kuma duk aikin da mutane ke buƙata kullum, akwai halaliya a cikinsa.

Yadda wasu suka fara

A Japan kusan mutum uku cikin goma sun kai shekara 65. Tun a shekarar 2000 suka kafa inshorar kula da tsofaffi, wadda ake fara biya daga shekara 40, ita kuma take biyan masu zuwa gida su yi wa dattijo wanka da sauran hidima. Kasuwarsu ta juya har kamfanin Oji ya sanar a 2024 cewa zai daina yin kunzugun jarirai don kasuwar cikin gida, ya mai da hankali kan na manya.

A ƙasar Holan kuwa, wani ma'aikacin jinya mai suna Jos de Blok ne ya kafa Buurtzorg a 2006 da 'yan abokan aikinsa kaɗan. Tsarin mai sauƙi ne: ƙungiyar da ba ta wuce mutum 12 ba ta ɗauki unguwa guda, ta san kowane tsoho da iyalinsa, ta riƙa bin su gida-gida. Yau dubban ma'aikatan jinya ne a cikinsa. Ba mu da kuɗin Japan, amma unguwa da sanin juna kam mun fi su.

Abinci

Ki fara da abin da kika riga kika iya. Tsohon da haƙora suka zube yana rage ci, daga nan sai rama da rashin ƙarfi. Mai hawan jini kuma ana son gishirin da yake ci a wuni kada ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. A gidan da ake tukunya ɗaya don mutum goma sha biyar, da wuya a ware masa tasa. Nan ne kasuwarki take: faten acca da zogale, kunun gyaɗa mara sukari, tuwon dawa mai laushi da miyar kuɓewa da ta sha daddawa aka rage mata gishiri, alalen da aka sa wa kifin da aka cire wa ƙaya. Ki nemi gida biyar da za su riƙa karɓar kwano kullum, su biya mako-mako. Idan kina son ƙulla garin kunu a leda ki kai shaguna, wannan sai da rajistar NAFDAC.

Kayan da ke hana faɗuwa

Mu da ke aikin asibiti mun san yadda zamewa ɗaya a banɗaki ke karya ƙugun tsohuwa, ta kwanta kwanciyar da ba ta sake tashi. Faɗuwa ita ce ta biyu a duniya wajen kashe mutane cikin haɗurran da ba na ganganci ba, kuma 'yan sama da shekara 60 suka fi mutuwa ta dalilinta. Abin da ke hana ta ba shi da tsada: kujerar bahaya mai huji da bokiti a ƙasa, ƙarfen riƙewa a bangon banɗaki, kujerar wanka, sandar dogarawa mai roba a gindi. Mai waldan unguwarku da kafinta za su iya haɗa su idan kika kai musu hoto da awo. Ke ce za ki karɓi oda ta WhatsApp, ki kai, ki nuna yadda ake amfani da su. Haka keken marasa lafiya da gadon jinya: iyalai da yawa na wata biyu ko uku suke buƙatarsu, don haka bayar da su haya ya fi sayarwa tafiya. In kuwa ke tela ce, ki ɗinka riguna masu buɗewa ta gaba don masu shanyewar ɓarin jiki, da shimfiɗar da ba ta jiƙa katifa.

Tabarau

Daga wajen shekara 40 ido kan fara kasa ganin abu na kusa. Tsufan ido ne, kuma tabarau na karatu mai araha yana gyara shi. A wani bincike da aka wallafa a 2018 kan masu tsinkar ganyen shayi a jihar Assam ta Indiya, waɗanda aka bai wa tabarau sun ƙara yawan aikinsu da kusan kashi 22 cikin 100. Ki tuna masu ɗinkin hula, da masu tsintar shinkafa, da masu saƙa a garinku. Ki nemi ma'aikacin ido ya koya miki yadda ake gwada lamba kafin ki fara sayarwa. Wanda idonsa ke ciwo, ko yake ganin hazo, ko ganinsa na nesa ya ragu, ba naki ba ne. Ki tura shi asibitin ido, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano, don yana iya zama yana ko hawan jinin ido.

Jinya a gida

Wannan ce ta fi nauyi, ita ce kuma aka fi nema. Wanda ya kwanta ba ya iya motsi ana juya shi kamar kowane awa biyu, in ba haka ba gyambon kwanciya ya fito masa a ƙugu da dunduniya. Ana ɗaga shi zaune kafin a ba shi abinci don kada ya shaƙe. Ana auna jininsa a rubuta a littafi, a tuna masa lokacin magani, a raka shi ganin likita. Duk wannan ana koyonsa. Mata huɗu ko biyar za su iya haɗuwa, su sami ma'aikaciyar jinya mai lasisi ta horar da su ta kuma riƙa duba aikinsu, su raba dare da rana a tsakaninsu. Mata su kula da mata, a nemi maza don dattawa maza.

Na san abin da za a ce: "Yanzu uwar da ta haife ka za ka bai wa bare?" Ki amsa musu da natsuwa. Ba wanda ya ce a kwashe iyaye a kai su wani gida. Hajiya tana ɗakinta, jikokinta na kewaye da ita. Hannu kawai aka ƙara. Ɗan da ke aiki a Legas ko Abuja yana turo kuɗin magani, amma kuɗi ba ya yi wa mahaifiyarsa wanka. 'Yar da ta yi wata uku ba ta yi barcin kirki ba kuwa, wata rana za ta ɗaga wa mahaifiyarta murya ba da son ranta ba. Samo mata mai taimako yana cikin kyautata wa iyaye.

Iyakar da ba a tsallakewa

Ba ki da hurumin yin allura, ko sa ruwa, ko canza wa mutum magani, sai in aikinki ne kuma kina da lasisi. Kada ki sayar da wani gari ko jiƙo da sunan yana warkar da ciwon suga ko hawan jini. Waɗannan cututtuka lallaɓa su ake yi, kuma mun sha karɓar dattawan da suka ajiye maganinsu saboda irin wannan talla, aka kawo su ɓarin jiki ya shanye. Idan kika ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a tafi asibiti nan take. Sirrin gidan mutane kuma amana ne. Hoton tsohuwa a kwance ba abin talla ba ne.

Ta ina za ki fara?

Ki zagaya gida goma ki tambayi masu jinya abin da ya fi ba su wahala. Amsar da ta fi maimaituwa ita ce sana'arki. Ki ɗauki abu ɗaya tak, da kuɗin adashe ko abin da kika tara. Ki rubuta yarjejeniya da iyalin: aikin da za ki yi, awa nawa, nawa za a biya, wa za a kira in an shiga gaggawa. Ki sanar da mai unguwa da asibitin sha-ka-tafi na kusa da ku. In abin ya kankama, ki yi wa sunan sana'arki rajista a hukumar CAC.

Mu da muke goyon yara yau, mu ne tsofaffin 2050, in Allah ya ba mu tsawon rai. Irin hidimar da muka kafa yanzu ita za mu tarar. Ke da ke jinyar uwa, ko uba, ko suruka, ki faɗa mana a ƙasa: wane taimako ne da za a same shi a unguwarku, za ki biya kuɗinsa ba tare da jinkiri ba?