Ƙananan kalmomi uku na Ingilishi

Yara, Hausa tana nuna wuri da sassan jiki. Daga kai muka samu «kan tabarma», daga ciki muka samu «cikin ƙwarya». Ingilishi, wanda za ku koya a kwaleji, yana da in, on, at. Kada ku hardace su, ku dubi kamanninsu. In ƙwarya ce, abu yana cikinta. On tabarma ce, abu yana kanta. At ɗigo ne kawai.

Haka lokaci ma. Wata yana da faɗi, ana shiga cikinsa: in May. Rana shimfiɗa ce: on Monday. Ƙarfe takwas ɗigo ne: at eight. Wanda ya rubuta in Monday a jarrabawar BEPC ya yi asarar maki.

Amma ku kula da bas. Mutum yana zaune cikinta, su kuwa on the bus suke cewa!