Yadda ake zaɓen ƙaramar wuƙa don shiga daji da kwanan waje

Daga watan Nuwamba, idan ruwa ya ɗauke, akan ga ayarin matasa a Abuja suna fita hawan duwatsun da ke kewaye da birnin a ƙarshen mako, daga ɓangaren Mpape zuwa Ushafa da gefen madatsar ruwa ta Usuma a yankin Bwari. Wasu su wuni su dawo, wasu su kafa tanti su kwana. Tun kafin su, makiyaya da manoma da mafarauta na Kuje da Kwali da Abaji sun saba yin kwanaki a dawa, kuma da wuya a ga ɗayansu babu wuƙa a ƙugu. Abin lura shi ne, wuƙar da suke aikin yau da kullum da ita ƙarama ce. Sabon shiga ne yake zuwa kasuwa yana neman wadda ta fi tsawo da walƙiya.

Dalili kuwa yana cikin aikin da wuƙar za ta yi: yanke igiya, fiƙe sanda ta zama turken tanti, fere doya, yanka albasa, gyara kifi, kankare busasshen itace a samu abin hura wuta. Duk waɗannan ayyuka ne da ke buƙatar hannu ya mallaki wuƙa sosai. Ruwan wuƙa mai tsawon santimita 8 zuwa 11, wato kusan faɗin tafin hannun babban mutum, ya wadatar. Saran reshe da share hanya aikin adda ne ko gatari, kuma wanda ya tilasta wa wuƙa yin su, ko dai ya karya ta ko ya ji wa kansa ciwo a inda asibiti yake da nisa.

Wuƙaƙen iri biyu ne: mai kube, wadda ruwanta a kafe yake cikin ƙota, da kuma mai naɗewa. Mai naɗewa ta fi sauƙin ɗauka, kuma akwai sanannu a cikinta. Opinel, wadda Joseph Opinel ya fara ƙerawa a yankin Savoie na Faransa a 1890, tana da zoben ƙarfe da ake murɗawa ya kulle ruwan, kuma lamba 8 ɗinta santimita 8.5 ce. Victorinox ta Suwizalan, da ta samo asali daga maƙerar Karl Elsener ta 1884, takan haɗa da ɗan zarto da mabuɗin gwangwani. Sai dai kowace mai naɗewa tana da rauni a gaɓarta: yashi da jini da maiƙo sukan maƙale a wurin, kuma wadda ba ta da makulli tana iya rufewa a kan yatsu. Ƙotar itace irin ta Opinel ma takan kumbura idan ta sha ruwa, har buɗewa ta yi wuya. Saboda haka wanda zai kwana a daji, mai kube ta fi masa. Misalinta da ya yi suna a duniya shi ne Morakniv Companion ta garin Mora a Suwidin, mai tsawon santimita 10.4, ba ado ba ƙyale-ƙyale.

Maganar ƙarfe ita ce ta fi rikita masu saye. Baƙin ƙarfe mai yawan sinadarin kabon yana ɗaukar kaifi da sauri, kuma kowane dutsen wasa mai laushi yana iya dawo da shi, amma yana tsatsa. A Abuja, inda damina take kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba, kwana ɗaya a jiƙe ya isa a wayi gari bakin wuƙa ya yi ja. Ƙarfe marar tsatsa kuwa, wanda Harry Brearley ya samar a birnin Sheffield na Ingila a 1913, yana ɗauke da sinadarin kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin 100, shi ne yake kare shi daga laima. Mai kyansa yana riƙe kaifi daidai gwargwado. Matsalar ita ce kasuwanninmu cike suke da masu araha da ke sheƙi kamar madubi, alhali ƙarfensu laushi gare shi, kafin a gama fere sanda guda sun dakushe. Araha dai ba ta ado. Wanda ya san ba zai kula da gogewa da shafa mai ba, ya nemi marar tsatsa daga hannun amintaccen mai kaya. Wanda ya iya kula, baƙin ƙarfe ba zai ba shi kunya ba.

A nan ne aikin maƙeranmu yake shigowa, kuma bai kamata a raina shi ba. Da yawa daga maƙeran baƙi da tsohon sifirin mota suke ƙira, wanda asalinsa ƙarfe ne mai kabon da juriya. Ingancin wuƙar ya dogara ne da yadda maƙerin ya gasa ta ya tsoma a ruwa ko mai. Idan bai kai ba, sai ta yi laushi. Idan ya zarce bai sassauta ta da ɗan zafi daga baya ba, sai ta riƙa ɓantarewa. Gwajin ba shi da wuya. A goga magagari kusa da bakin: in ya ci ƙarfen cikin sauƙi, wuƙar ba ta yi tauri ba. Sannan a fere busasshen itace da ita na ɗan lokaci, a duba bakin a hasken rana, a ga ko ya lanƙwashe ko ya gutsure. Wuƙaƙen ado masu kaifi biyu da ake sayar wa baƙi a matsayin tsaraba kuwa, a bar su a jikin bango. Babu inda za a ɗora babban yatsa a danna, kuma duk wanda ya gan su makami zai kira su.

Ƙota ta cika hannu, kada ta yi santsi idan ta jiƙe, kuma jelar ƙarfen ta shiga cikinta da nisa. In an girgiza aka ji tana motsi, a ajiye. Kube ya riƙe wuƙar ko da an kife shi. Na fata da dukawa ke ɗinkawa yana da kyau da ƙarko, amma fata tana riƙe laima, don haka da damina kada a bar baƙin ƙarfe a ciki tsawon makonni. A wanke, a goge, a shafa ɗan man gyaɗa ko man kaɗe, tunda da ita za a yanka abinci. Baƙin man inji ba na wannan wuri ba ne.

Wuƙar da ta dakushe ta fi mai kaifi haɗari, domin sai an sa ƙarfi, kuma da ƙarfin take kuɓucewa. Ana wasa ta a karkace kimanin digiri 20 ta kowane gefe. Wajen aiki, a riƙa tura ta waje, nesa da jiki, kuma kada a yi fira a tsakanin cinyoyi, domin babbar jijiyar jini tana bi ta cikin cinya, idan ta yanke minti kaɗan ne tsakanin mutum da halaka.

Sai batun hukuma, wanda a Abuja ba ƙarami ba ne. Bayan sace-sacen mutane da aka yi fama da su a yankin Bwari a farkon 2024, jami'an tsaro da 'yan banga suna sa ido a kan duk wanda ya nufi daji, kuma doguwar wuƙa a ƙugu tana jawo tambayoyin da ƙarama a cikin jaka ba ta jawowa. Dokar kiyaye zaman lafiyar jama'a ta 1979 ta hana zuwa taro ko jerin gwano da makami. A filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe ba a shiga jirgi da wuƙa a jakar hannu, sai dai a cikin kayan da aka auna aka miƙa. A hanya, wurinta shi ne ƙasan jaka tare da tukunya da igiya da tanti, inda duk mai bincike zai ga abin da aka ɗauko ta dominsa, sai an isa masauki a ɗaura ta.