Kalare da Ƙwaya: Abin da Ya Kamata a Tambaya Kafin a Sa Hannu

A majalisun hira na Jekadafari, kamar na Bolari da Pantami, da wuya a tayar da zancen 'yan kalare ba a ji wani ya yanke hukunci da kalma ɗaya ba: ƙwaya. Bayanin yana da daɗin ji, kuma irinsa ne yakan hau takarda ya isa teburin darakta a Abuja a matsayin hujjar ware kuɗi. Sai dai ilimin halayyar ɗan Adam, wanda Wilhelm Wundt ya buɗe wa ɗakin gwaji na farko a Jamus a 1879, ya ginu ne a kan ƙin karɓar amsa da garaje.

Ganin abu biyu tare ba ya nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya. Mai yiwuwa ƙwaya ce ta kai yaro cikin gungu. Mai yiwuwa kuma sai da ya shiga aka koya masa sha. Ko kuwa zaman banza ne ya haifi duka biyun. Rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a 2007, bayan hira da mutane a Gombe, ya nuna wani dalilin daban: 'yan siyasar da suka ɗauki matasan aiki a lokutan zaɓe. Shirin da aka gina a kan ƙwaya kaɗai ba zai taɓa wannan ba.

Sai kuma tambayar su wa aka ƙirga. Wanda ya tattara bayanansa daga matasan da aka kai Asibitin Ƙwararru da rauni, ko waɗanda ke hannun 'yan sanda, ya ga waɗanda abin ya ɓaci da su ne kawai. Mai sha da bai taɓa ɗaukar adda ba, da ɗan gungun da bai taɓa sha ba, duk ba su cikin lissafinsa, alhali su ne za su gwada gaskiyar zancen.

Ko an samu mutanen da suka dace, baki yakan ɓoye. Babu saurayin da zai amsa cewa yana shan kodin alhali mahaifinsa na zaune a zaure. Masu binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da cibiyar CRISA suka gudanar da tallafin UNODC, sun san da haka: ba su tsaya ga bi gida-gida ba, sun yi hira ta daban da masu shan kansu. Ta haka aka kai ga ƙiyasin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64. Adadin ya shahara a jawabai. Hanyar da aka bi aka same shi kuwa, ba kasafai ake ambatarta ba.

Gwaji ne kaɗai ke iya rarrabe sanadi da kyau. A 1954 Muzafer Sherif ya raba yara 22 gida biyu a wani sansani a jihar Oklahoma ta Amurka. Gasa ta haddasa gaba a tsakaninsu ba tare da ko ƙwaya ɗaya ba, kuma gabar ba ta lafa ba sai da aka ba su aikin da dole su haɗa hannu, kamar gyaran hanyar ruwan sansanin. Darasin yana da jan hankali, amma yaran Amurkawa ne 'yan kimanin shekara 11. Jeffrey Arnett ya nuna a 2008 cewa kashi 96 cikin ɗari na waɗanda ake nazari a kansu a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen Yamma.

Saboda haka idan takardar neman kuɗin koyar da sana'a a Jekadafari ta zo tana cewa rikici ya ragu bayan kashin farko, jami'in da zai rubuta sharhi a kanta yana bukatar alƙaluman wata unguwa mai kama da ita da ba a kai shirin ba, na watannin nan dai, tare da sanin ko lokacin ya faɗo ne bayan an gama zaɓe.