Linzamin Ƙwayoyin Jiki da Asalin Ciwon Daji

Ƙwayar halittar jiki ba ta rabuwa biyu sai da izini. Izinin yakan zo daga waje: wani sinadari ya manne a bangon ƙwayar, wannan furotin ya miƙa wa wancan, har saƙo ya isa cibiya. Cikin 'yan aiken nan akwai RAS, wanda ke kunnuwa in saƙo ya zo, ya mutu da zarar ya isar. Idan ƙwayar gadon da ke ƙera shi ta gurɓace, sai ya maƙale a kunne, yana ta ba da umarnin hayayyafa ba wanda ya aike shi.

Wannan kaɗai bai cika haifar da ciwon daji ba, domin akwai wasu ƙwayoyin gado masu aikin linzami. A 1971 likita Alfred Knudson na Amurka ya nazarci sankarar idon yara, ya gane cewa linzamin biyu ne, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma sai duka sun tsinke ciwo ke tasowa. Yaron da ya gaji ɗaya a lalace yakan kamu da wuri, sau da yawa a ido biyu. An gano ƙwayar gadon, RB1, a 1986.

Mafi shahara ita ce p53. An gano furotin ɗinta a 1979, aka shafe shekara goma ana zarginta da haddasa cutar, alhali mai tsaron gida ce. In bayanan gado suka lalace, takan dakatar da rabuwa har a gyara. In gyara ya gagara, ta umarci ƙwayar ta kashe kanta. A kusan rabin cututtukan dajin ɗan Adam ana tarar da ita a lalace. Giwa, duk girmanta, ba ta cika kamuwa ba, kuma tana ɗauke da kwafi wajen ashirin na wannan ƙwaya.

Ba gado kaɗai ke tsinka linzami ba. Ƙwayar cutar HPV, mai jawo sankarar bakin mahaifa, tana ƙera furotin biyu: E6 ya rusa p53, E7 ya daƙile furotin ɗin RB1. Najeriya ta fara yi wa 'yan mata rigakafinta a 2023. Haka gubar afilatoksin, da fumfuna ke bari a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi, takan ɓata p53 a hanta, kuma haɗarin ya fi tsanani ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B.