Fitilun da Suka Yi Yana a Mahaɗar Samaru Kataf

Samaru Kataf gari ne na mahaɗa. Direban da ya taso daga Kaduna ya ratso Kachia da Zonkwa, nan zai iso kafin ya zaɓi inda ya dosa: ko ya karya zuwa Kagoro da Kafanchan, ko ya miƙe ta Manchok ya hau tudun Jos, ko ya yi arewa ta wajen Zangon Kataf ya nufi Saminaka. Ranar Talata, ranar kasuwa, shataletalen garin ba ya hutawa. Buhunan masara da citta, ƙwaryar doya, acca da gyaɗa, duk sai sun bi ta nan, kuma ciniki ba ya ƙarewa sai rana ta yi ja. Lokacin ne gefen kwalta ke cika da mata masu kaya a ka, da 'yan acaɓa da suka ɗora buhu biyu da mutum guda, da ɗaliban makarantar koyon aikin gona ta Nuhu Bamalli masu komawa masauki. Lokacin ne kuma direbobi ke kunna fitila.

Duk wanda ya tsaya bakin hanya a wannan sa'a zai lura da abu guda. Da yawa daga cikin motocin da ke wucewa, Corolla ne ko Sienna ko Camry, fitilunsu ba fari suke fitarwa ba. Wani haske ne rawaya-rawaya, mai laushi, wanda ke tsayawa 'yan taku kaɗan gaban mota ya watse. Da rana in ka matsa kusa, za ka ga fuskar fitilar ta dushe ta yi kaushi, kamar idon da yana ta rufe.

Tsofaffin direbobin wannan hanya ba su san wannan ciwo ba a zamaninsu. Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975 fitilar gilashi gare ta; dutse na iya fasa ta, amma rana ba ta iya komai da ita. Shafa ɗaya da tsumma, ta dawo tas. Canjin daga Amurka ya faro, inda a 1983 hukuma ta sassauta dokar fitilun mota, kuma Lincoln Mark VII ta 1984 ta fito da fitila mai fuskar roba. Kafin a yi nisa cikin shekarun 2000, kusan kowane kamfani ya koma wa wannan roba da ake kira polikabonet, wadda masana a kamfanin Bayer na Jamus da General Electric na Amurka suka gano a 1953. Ba ta da nauyi, tana jure jifan tsakuwa, kuma ana iya lanƙwasa ta yadda mai zanen mota ya ga dama. Babban aibinta: ba ta shiri da rana.

Masu ƙera ta sun san haka, shi ya sa suke shafa mata wani siririn rufi mai tauri wanda ke tare ɓangaren hasken rana da ke cin roba. Rufin nan ba ya dawwama. Yawancin motocin da ke yawo tsakanin Zonkwa da Kafanchan sun riga sun yi shekaru goma ko fiye a Turai ko Amurka kafin a sauke su a Kwatano ko Legas, saboda haka da ragowar rufi suke isowa. Sai su tarar da ranar Maris da Afrilu, da ƙurar hunturu da ke gogar fuskar mota tun daga Nuwamba, da jar ƙasar hanyoyin ƙauye, da omo mai kaifi da ake wanki da shi. Rufin ya tsattsage ya bare, robar ta fito fili, ta fara ƙonewa a hankali tana yin rawaya.

Ba kwalliya kaɗai ake asara ba. A 2018 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta auna irin waɗannan fitilu ta samu cewa wadda ta dushe sosai kashi 22 cikin ɗari kacal take bayarwa na hasken sabuwa. A ɗora wannan a kan lissafin hanya. Dokar tuƙi ta Najeriya ta ba ƙaramar mota da bas kilomita 80 a awa a irin wannan titi, wato kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya ga mutum, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta sauka kan birki, motar ta ci mita talatin ko fiye ba tare da ta rage gudu ba. Mai irin wannan fitila, a kwanar da ke gangarowa ta gindin duwatsun Kagoro, cikin ruwan Agusta ko hazon Disamba, sai ya zo daf da mai tafiya a ƙasa sannan zai gan shi.

Abin da direba ke fara yi kusan kullum ɗaya ne. Zai tsaya wajen mai wayarin ya ce, "Oga, fitilata ta yi sanyi, sa mini ƙwai mai ƙarfi." A cire na wat 55, a sa na wat 100, ko a cusa farin ƙwan LED cikin gidan da ba don shi aka ƙera ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne tsada. Fuskar da ta yi kaushi watsa haske take yi, don haka ƙarin hasken ba kan kwalta yake sauka ba. Idon ɗan acaɓan da ke tahowa yake shiga. Zafin babban ƙwai kuma yana narkar da soket, yana ƙona madubi mai launin azurfa da ke can ciki, wanda shi ne ke tattara haske ya tura gaba. In wannan madubi ya ƙone, babu gugar da za ta dawo da shi.

Daga nan sai dabarun wajen wankin mota. Akwai mai shafa makilin, kuma gaskiya yana ɗan yin aiki, domin akwai ɗan gari mai kaushi a cikinsa da ke kankare saman dattin. Akwai mai shafa man inji ko man birki, fitila ta yi sheƙi nan take, mai mota ya biya yana murna. Man ya cike ƙananan ramukan ne kawai. Ruwan sama ɗaya zai wanke shi, kafin nan kuma ya tara ƙura. Man birki da fetur da tina sun fi muni, don suna sa robar ta yi ƙananan tsaga da ba sa gyaruwa. Yaran da ke yin wannan ba mugunta suke yi ba. Abin da suka gani wajen na gaba da su ke nan, kuma mai mota sauri yake yi.

Aikin gaskiya yana hannun mai fenti ko mai gyaran bodi da ya san darajar samfefa, kuma yana cin awa guda ko fiye. Zai wanke fitilar, ya zagaye gefenta da salatif don kada ya ci fentin mota. Sai ya jiƙa samfefa mai lamba 600 ko 800 ya fara gogawa ta fuska ɗaya, daga hagu zuwa dama, yana zuba ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ruwan da ke gangarowa da farko rawaya ne, mataccen rufin ke nan yake fita. In ya koma fari kamar tsinkakken nono, an iso lafiyayyar roba. A wannan gaɓa fitilar ta fi yadda aka kawo ta muni, fari fat, ba a ganin komai a ciki, kuma nan ne hankalin mai mota ke tashi ya fara tambayar ko an lalata masa kaya. Mai aikin da ya san hannunsa ba ya ko ɗaga kai. Zai ɗauko 1000 ya goga daga sama zuwa ƙasa, ya bi da 1500, da 2000, har 3000 in yana da ita, kowace lamba tana share zanen da ta gabanta ta bari. Sannan man goge fenti da tsumma mai laushi ko injin folish, a hankali don kada zafi ya narka robar. Sai ga ƙwan fitila ya bayyana sarai.

A nan yawancin masu aikin suke tsayawa, kuma a nan ne aikin ke lalacewa. Robar da aka goge tsirara take, babu sauran abin da ke tsakaninta da rana. In aka sallami mota a haka, cikin 'yan watanni yanar za ta dawo, sau da yawa fiye da ta farko. Dole a sake rufe ta, ko da ruwan kariya da ke zuwa cikin kwalin kayan gyaran fitila, ko da farin fentin nan mai haɗi biyu da masu fenti ke fesawa a saman launi, a bar shi ya bushe inda ƙura ba ta kai. Wannan mataki ne ke ƙara kuɗi, shi ne kuma mai mota ba ya iya gani da ido ranar da ya biya, don haka shi ake fara yankewa in ciniki ya yi tsauri. Direban da ya san abin da yake saya, tambayar da zai yi kafin a taɓa masa fitila ita ce da me za a rufe ta bayan guga.

Akwai kuma sabuwar dabara da wasu ke yi da ɗan kofi mai zafi, suna bi da tururin wani sinadari a kan fitilar har samanta ya narke ya yi sumul. Tana ba da mamaki a ido. Amma tururin guba ne ga huhun mai yi, ba a yin sa a rufaffen shago, kuma shi ma ba ya ɗauke buƙatar rufi.

Ko an yi komai daidai, gyararriya ba ta kamo sabuwa. Gwajin AAA ya nuna guga na maido da haske zuwa kusan kashi 70, sabuwar fitila ta kamfanonin bayan fage kuma tana ba da kashi 83 zuwa 90. Daga 22 zuwa 70 ba ƙaramin tsalle ba ne ga direban haya da kuɗin sabuwar fitila zai cinye masa cinikin kwanaki. Sai dai akwai fitilar da ta wuce nan: wadda ruwa ke kwana a cikinta saboda bakinta ya saki, wadda tsagar ta ratsa jikin robar, da wadda madubinta ya yi baƙi. Mai irin wannan sai ya aika Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano a nemo masa ta Beljiyam, ya kuma duba ta da rana tsaka kafin ya biya, don ita ma ta sha tata ranar.

Disamba shi ne watan da hanyoyin nan huɗu na mahaɗar Samaru Kataf suka fi cika. 'Yan ƙasa na dawowa daga Abuja da Legas da Kaduna don Kirsimeti, jama'a na kwarara Kagoro don bikin Afan na ranar 1 ga Janairu, jami'an kiyaye haɗurra suna bakin titi, hazo kuma ya sauko. Mai motar da zai gyara fitila, Oktoba ko farkon Nuwamba ya fi masa, bayan ruwa ya ɗauke kuma kafin ƙura ta yi yawan da za ta manne a ɗanyen fenti. In an gama, saura abu ɗaya da ba ya cin ko kwabo: a jira duhu, a tsayar da motar a fili mai daidai tana fuskantar bango daga nisan taku goma, a kunna dim, a juya sukurorin da ke bayan fitila har hasken biyu ya daidaita ya sauka ƙasa da tsayin fitilar kaɗan. Motar da aka danƙara wa buhunan citta a but hancinta ɗagawa yake yi, saboda haka gara a yi wannan awo da irin lodin da ta saba ɗauka ranar Talata.