Ruwanda a Kan Keke: Inda Kilomita Ba Ta Faɗin Nisa

Wanda ya koyi keke a Kano ko Maraɗi, da kilomita yake auna nisa. A ce masa gari kaza kilomita 60 ne, nan take zai ce in ya yi sammako, kafin azahar ya isa. Wannan lissafin mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne, kuma ba ya ci a Ruwanda. Can mai keke tambaya biyu yake yi: nawa ne nisan, sannan mita nawa zan hau? Ta biyun ce ke hana shi barci. Ƙasar tudu ce bayan tudu, har ana yi mata kirari da ƙasar tsaunuka dubu. Wurin da ya fi gangarawa a cikinta, bakin kogin Rusizi, yana kan mita 950 bisa teku. Kigali, babban birnin, tana wajen mita 1,500, wato ta ɗara Jos.

Manyan 'yan tseren duniya sun ɗanɗana wannan a ranar 28 ga Satumba, 2025, lokacin da aka yi gasar keke ta duniya a Kigali, karo na farko a Afirka. Nisan tseren maza kilomita 267.5 ne, amma in aka tara hawan da ke ciki ya haura mita 5,400. Mutum fiye da 160 suka tashi, 30 kacal suka kai ƙarshe, kuma Tadej Pogačar na Sulobeniya ne ya lashe. A kan hanyar akwai wani ɗan tudu a unguwar Nyamirambo, inda Musulmin birnin suka fi yawa, da ake kira Bangon Kigali. Tsawonsa bai wuce mita 400 ba, sai dai da duwatsu aka daɓe shi maimakon kwalta, kuma a kowace mita 100 mutum na hawa wajen mita 11. Keke na karkarwa, tayar baya na sulɓewa, jama'a kuma sun cika gefen hanya har kan rufin gidaje suna ihu.

Ni a ganina ba wannan gasa ce ta fi cancantar a sani game da keke a Ruwanda ba. Hanyoyin karkara sun fi ta labari, da mutanen da ke cin abinci a kansu.

A ɗauki hanyar arewa, daga Kigali zuwa Musanze, abin da bai kai kilomita 100 ba. Da fita daga tashar Nyabugogo hawa ke farawa zuwa Shyorongi, kwana bayan kwana, ba inda ƙafa za ta huta. Gonakin ayaba da wake sun lulluɓe kowane tudu tun daga gindi har ƙoli, an yanka su hawa-hawa don kada ruwa ya kwashe ƙasa. A ƙidayar 2022, mutum miliyan 13 da ɗoriya ne ke zaune a fili mai faɗin murabba'in kilomita 26,338, saboda haka da wuya ka yi minti biyar ba ka ga ɗan Adam ba. A Nyirangarama motocin haya kan tsaya fasinja su ci tsire da gasasshen dankali, su sayi man barkonon nan Akabanga da ake ɗigawa a abinci ɗigo-ɗigo. Mai keke ma nan yake cika gorarsa.

A wannan hanya baƙo zai haɗu da masu ita na ainihi, 'yan keken haya da dako, waɗanda ake kira abanyonzi. Kekensu na ƙarfe ne mai nauyi, giya ɗaya tal, an ƙara wa kariyarsa rodi. A kai ake ɗaure buhunan dankalin Turawa, ko jarkokin madara, ko gawayi, ko nonnan ayaba da suka fi mai keken tsawo. In hawa ya yi tsanani sai ya sauka ya dafa kai da sirdi yana turawa, jiki duk gumi. Wasu kuma kan kama bayan babbar mota ta ja su, ganganci ne da ke cin rayuka. Wajen gangara abin ya fi ban tsoro: kaya sun fi ƙarfin birki, sai ka ga mutum ya saukar da ƙafa yana goga takalmin taya a kwalta don ya rage gudu. Ɗan tsere kuwa kekensa bai kai kilo takwas ba, ga giya sama da ashirin. In ya zo hawa sai ya mayar da sarƙa kan ƙaramin haƙori na gaba da babba na baya, feda ta yi sauƙi, ya riƙa juya ta da sauri maimakon dannawa da ƙarfi. Duk hikimar hawan tudu ke nan: a rage nauyin kowane taku, a ƙara yawansa.

Daga cikin 'yan dakon nan aka samo wasu daga cikin 'yan tseren ƙasar. Gasore Hategeka dankali yake ɗauka a Sashwara, ƙauyen da ke tsakanin Musanze da tafkin Kivu, kafin ya shiga ƙungiyar ƙasa, wadda aka kafa a 2007 ƙarƙashin Jock Boyer, Ba'amurke na farko da ya taɓa shiga tseren Tour de France. Tseren zagaya ƙasar, Tour du Rwanda, ya faro tun 1988, ya shiga jadawalin hukumar keke ta duniya a 2009, sai a 2014 Valens Ndayisenga ya zama ɗan ƙasa na farko da ya ci shi tun bayan shigarsa jadawalin. Cibiyar horar da 'yan tseren ƙasar tana Musanze, a gindin duwatsu masu aman wuta na Virunga, waɗanda babbansu, Karisimbi, ya kai mita 4,507. Gabas da garin akwai tagwayen tafkuna, Burera da Ruhondo. Burera ce a sama, ruwanta na zubowa cikin Ruhondo ta tashar lantarki ta Ntaruka. Wuri ne mai kyau, amma hanyoyin da suka zagaye shi galibi burji ne, siririyar tayar keken tsere ba ta jin daɗinsu.

Daga Musanze hanya na ƙara hawa, ta wuce mita 2,000, iska ta yi sanyi ta kuma yi ƙaranci, har baƙo ya ji numfashinsa na sama-sama. Sannan ta sako shi gangara doguwa, ta cikin gonakin ganyen shayi na Pfunda, zuwa Rubavu a bakin Kivu.

Tafkin Kivu abin tsayawa ne a duba. Fuskarsa na kan mita 1,460, zurfinsa ya kusa mita 480, kuma Ruwanda da Kongo ne suka raba shi. A can ƙasan ruwan akwai iskar gas mai ɗimbin yawa da ta narke a ciki, nauyin ruwan sama ya danne ta. Mutanen Kamaru sun san abin da irin wannan tafki ke iya yi: a 1986 tafkin Nyos ya yi gyatsar iska mai guba, mutum wajen 1,700 suka rasu. Kivu ya ninka Nyos nesa ba kusa ba, ga miliyoyin mutane a gefensa. Shi ya sa ake zuƙo iskar a hankali ana juya ta lantarki, kamar yadda tashar KivuWatt ta Karongi, wadda aka ƙaddamar a 2016, ke yi. Da yamma masunta kan fita da kwale-kwale uku-uku a haɗe, da dogayen sanduna gaba da baya, suna waƙa don tuƙi ya zo ɗaya. Fitila suke kunnawa ta jawo sambaza, wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye da ake soyawa a ci har kai.

Mai zaton bin bakin tafki hutu ne ya yi kuskure. Hanyar kwalta daga Rubavu zuwa Karongi, ta zarce zuwa garin Rusizi, ba ta bin ruwa a kwance. Takan hau cikin gonakin kofi da shayi, ta sauko ta taɓa wani lungun ruwa, ta sake hawa. Masu keken daji suna da tasu, Congo Nile Trail, mai kilomita 227, da aka buɗe a 2011.

Kyan wurin ba ya ɓoye abin da ya faru a cikinsa, kuma mai keke ya fi mai mota sanin haka, tunda ba ya wucewa da gudu gilashi a rufe. A tsaunukan da ke saman Karongi Bisesero take. A 1994, lokacin kisan ƙare dangi da aka yi wa Tutsi, dubun-dubatar mutane suka hau tudun Muyira da na kewaye, suka yi makonni suna kare kansu da duwatsu da masu, a gaban masu bindiga da adda. Kaɗan ne suka tsira. Wanda ya hau tudun da ƙafarsa, ya ji yadda cinya ke zafi, zai fahimci dalilin da ya sa suka zaɓi nan, da kuma abin da ake nufi da a kore ka sama da ƙasa kullum ba abinci. A 2023 hukumar UNESCO ta sa Bisesero cikin wuraren tarihi na duniya, tare da wasu wuraren tunawa da kisan: Murambi, Nyamata da Gisozi. A shekarar ne kuma ta sa dajin Nyungwe.

Sai a faɗi wata gaskiyar ma. Kwalta mai santsi da tsabtar gefen titi, a ƙasar da ta haramta leda tun 2008, ba su rufe bakin masu suka ba. Rubavu da Goma ta Kongo gari ɗaya ne da iyaka ta raba, kuma a Janairun 2025 'yan tawayen M23 suka ƙwace Goma. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce Ruwanda na mara musu baya, Kigali na musantawa, har majalisar Tarayyar Turai ta nemi a soke gasar duniyar in ba a sauya hali ba. Ba a soke ba. Mai niyyar zuwa yankin ya binciki halin da iyaka ke ciki tukuna.

Daga Rusizi hanya na juyawa gabas ta ratsa Nyungwe, ƙungurmin daji mai hazo da birai iri-iri. Nan ne hawa mafi tsawo, sama da mita dubu daga bakin tafki zuwa ƙoli. A bisa wannan doron ruwan sama ke rabuwa biyu: wanda ya zuba yamma ya nufi kogin Kongo, wanda ya zuba gabas ya nufi Nilu, ya bi ta Sudan zuwa Masar. Ƙauyuka babu a cikin dajin, don haka guzuri da ruwa da famfo da kayan faci dole ne, haka ma rigar sanyi, domin gumin hawa kan zama ƙanƙara a jiki wajen gangara. Doguwar gangara kuma ba a riƙe mata birki gaba ɗaya, sai ya ɗau zafi ya daina kamawa. Dannawa ake yi ana saki, a rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba.

Bayan dajin sai Huye, mai gidan tarihin al'adu da aka buɗe a 1989, sannan Nyanza, fadar sarakunan Ruwanda na ƙarshe kafin a rushe sarautar a 1961. An sake gina fadar gargajiya ta ciyawa, ga gidan da Turawan Beljiyam suka gina wa Sarki Mutara Rudahigwa a farkon shekarun 1930. A bayan fadar ake kiwon shanun inyambo masu manyan ƙahoni, makiyayansu na shafa su suna yi musu kirari, su kuma sun tsaya cak. Duk wanda ya taɓa zama a rugar Fulani ba zai ga baƙon abu ba.

Lokacin zuwa shi ne Yuni zuwa Satumba, sa'ad da ruwa ya ɗauke. Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi, kuma daga 7 ga Afrilu ake shiga makon makokin waɗanda aka kashe, ba a wasa ko shagali. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata da safe ta aikin gayya ce, umuganda, zirga-zirga kan tsaya sai wajen ƙarfe 11, saboda haka wanda tafiyarsa ta faɗo ranar sai ya jinkirta tashi.