Hubbaren Malam Abdullahi na Gwandu

Kai mai karatu, in ka tashi daga Dangoma ka je Gwandu, kada ka komo ba ka ziyarci hubbaren Malam Abdullahi ƙanen Shehu Usmanu ba. Nan aka binne shi a 1829. Tuɓe takalmanka, ka yi sallama, ka roƙa masa gafara. Amma bukatarka, Allah kaɗai za ka roƙa.

Nasara ma suna da waliyyansu, sai dai al'adarsu daban. A garin Tiregiye, cikin lardin Buretanye ta ƙasar Faransa, akwai wata tsohuwar majami'a inda aka ajiye ƙoƙon kan wani alƙali, Iv, mai tsaya wa matalauta. Ya rasu a 1303. Kowane watan Mayu sukan fito da ƙoƙon, su kewaya da shi. Tagogin majami'unsu kuwa gilashi ne mai launi, an zana waliyyai a jiki, don wanda bai iya karatu ba ya duba ya gane.

A Gwandu ba a tone ƙashi. Abin da Malam Abdullahi ya bari littattafai ne, kamar Liya'ul Hukkami, wanda ya rubuta a Kano don masu mulki su san iyakarsu. Nemi malami ya karanta maka shi.